Bitar kimiyya ta aikin hannu ga ɗalibai: tambayoyin da iyaye da malamai suka fi yi mana

Duk lokacin da dogon hutu ya gabato muka fara kai takardun gayyata makarantu, wayata ba ta hutawa. Tambayoyin kuma kusan iri ɗaya ne, daga uban da ke kasuwa har shugabar makarantar 'yan mata. Shi ya sa na tattara su wuri guda, da amsoshin da nake bayarwa.

Wai me ake yi a wannan bita? Ba lesin ba ne aka sauya wa suna?

A lesin malami ne ke tsaye gaban allo, yara suna kwafa. A bita allon ma sau da yawa ba a taɓa shi sai can ƙarshe. Ana raba yara uku-uku ko huɗu-huɗu, a ajiye wa kowane rukuni kaya a tebur, a faɗa musu abin da ake so su haɗa ko su gano, malami ya koma zagayawa. Wanda ya kawo sana'arsa, injiniya ne ko ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini ko mai haɗa sola, yakan zauna cikinsu ya yi aikin tare da su, su kuma su yi ta jefa masa tambaya. Manufar ita ce yaro ya ɗanɗana yadda aikin yake a hannu, da daɗinsa da takaicinsa, kafin ya ɗaura wa kansa shekara biyar ko shida na karatunsa.

Ɗan aji nawa ya fi dacewa a kawo?

Ɗan aji biyu da ɗan aji uku na ƙaramar sakandare. Dalili kuwa a fili yake: da an shiga SS1 ake raba yara, wannan kimiyya, wannan adabi, wancan kasuwanci, kuma wanda ya bar Fiziks da Kemistiri a wannan gaɓa da wuya ya sake haɗuwa da su. Yawancin yaranmu suna yin wannan zaɓi ne da ka, ko don aboki ya tafi can, ko don an ce ajin kimiyya na masu ƙwaƙwalwa ne. Ɗan SS2 ma yana ƙaruwa, sai dai tambayarsa ta riga ta ƙuntata, ta koma wane kwas zai cike a JAMB. 'Yan firamare kuwa muna karɓarsu a yini na daban, da kayan da ba zafi ba kaifi.

Ku ba mu misali. Me yaro zai yi da hannunsa?

Aikin farko da muke fara bayarwa shi ne kunna ƙaramin ƙwan LED da batir mai bolt 9. Kayan duka ba su cika tafin hannu ba: batir, ƙwai, 'yan wayoyi, rezista (ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta), da allon nan mai ramuka da ake soka wayoyi a jikinsa ba sai an yi liƙi ba. Ba ma faɗa musu komai da farko. Kusan kowane rukuni sai ya haɗa ƙwan kai tsaye da batir, ya yi haske sau ɗaya ya mutu, wani lokacin har da ɗan wari. Nan take za ka ji ana "Malam, namu ya lalace." To daga nan ake fara karatun. Ƙwan bolt 2 kawai yake buƙata, saura bolt 7 dole wani abu ya shanye su, kuma wutar da zai iya ɗauka ba ta wuce amfiya 0.02 ba. A raba 7 da 0.02, a samu ohm 350, wato girman rezistar da ake buƙata. Sai su shiga akwati neman rezista mafi kusa, su tarar da mai 330, wadda ke da zane biyu ruwan lemo da ɗaya ruwan ƙasa. Dokar Ohm ke nan da suke haddacewa don jarrabawa, yau ga ta ta cinye musu ƙwai.

Akwai wata yarinya da ba na mantawa. Lissafinta daidai, rezista daidai, ƙwai ya ƙi kamawa. Ta zare ta mayar ya fi sau biyar, 'yan rukuninta har sun fara leƙen teburin maƙwabta. Ta ɗaga ƙwan sama tana juya shi a hasken taga, sai ta lura ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ta juya shi ta soka. Da ya kawo ja, ba ta yi ihu ba, sai ta sake zare shi ta juya ta ga ya mutu, ta kuma juyawa ya kama, tana so ta tabbatar ba sa'a ba ce. Na ce wa abokin aikina, wannan ko ba a gaya mata ba ta riga ta san yadda ake binciken matsala.

A ɓangaren Kemistiri, zoɓo muke dafawa ba sukari. A zuba shi a kofuna, a ɗiga ruwan lemon tsami a ɗaya, ya ƙara ja ya yi haske. A ɗiga ruwan kanwa ko ruwan toka a wani, ya juye kore-kore. Daga nan su gwada omo, ruwan tsamiya, ruwan rijiya, nono, su jera su daga mai tsami zuwa mai kaifin kanwa. Aikin da mai gwajin ruwan sha yake yi ke nan, da mai gwajin ƙasar noma, sai dai su da na'ura suke yi.

Sai ayaba. A dame ta da ruwa da ɗan gishiri da sabulun wanke-wanke na ruwa, a tace da ƙyalle, a tsiyaya sifirit mai sanyi a hankali ta gefen kofi. Bayan 'yan mintoci wani farin abu kamar majina zai taso, a naɗo shi da tsinken sakace. DNA ke nan, zaren da ke ɗauke da gadon halitta. Yaran da suka saba jin AA da AS da SS a maganar gwajin jini kafin aure, a nan suke gane cewa ta irin wannan zare ake gadon sikila.

To ta yaya wasa da batir da ayaba zai nuna wa yaro sana'a?

Ta hanyar jingina kowane aiki da mutumin da ke ci da shi. Ɗauki sola. Muna ba su takarda: wani gida yana da fanka mai wat 50 da za ta yi awa 6, da ƙwai uku masu wat 10 da za su yi awa 5. In aka ninka wat da awa, jimilla 450. Farantin sola mai wat 100, in ya samu cikakkiyar rana ta kamar awa 5, zai ba da 500. Yara sai su ce ya isa har da canji. Mai haɗa sola da muka gayyato sai ya yi dariya, ya ce su cire abin da zafi da waya da batir da inbata za su ci, wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Ya koma 375, bai isa ba. Daga nan a fita tsakar gida da ƙaramin faranti da mitar auna wuta, a auna, a barbaɗa masa ƙura irin ta hunturu a sake aunawa, a karkata shi kudu kaɗan a ga bambanci. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, shi ya sa ake ɗan kwantar da faranti yana kallon kudu.

Abin da ya fi lissafin amfani shi ne hirar da ke biyo baya. Yara sukan tambayi baƙon shekara nawa ya yi yana koyo, ko ya taɓa faɗowa daga rufi, ko wuta ta taɓa jan sa, nawa yake samu. Ta ƙarshen nan malamai kan so su tsawatar, ni kuwa ina cewa a bar su, tambaya ce ta mai hankali.

Ni likita nake so ɗana ya zama. Wannan ba zai ɗauke masa hankali ba?

Alhaji, Allah ya cika buri. Amma bari in faɗi abin da nake gani. Yaro mai ƙoƙari a ajin kimiyya, sana'a biyu kawai ya sani, likita da injiniya, kuma guraben karatun likita ba su kai yawan masu nema ba ko kusa. Wanda bai samu ba yakan zauna shekara biyu, uku yana maimaita JAMB, ko a tura shi kwas ɗin da bai taɓa jin sunansa ba ya yi shi rai a ɓace. Alhali ka shiga babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ka ƙirga masu farar riga: mai gwajin jini, mai ɗaukar hoton ƙashi da na ciki, mai haɗa magani, mai gashin ƙashi, likitan ido, likitan haƙori, nas, ungozoma, da injiniyan da ke gyara na'urorin da duk waɗannan suke aiki da su. Dukkansu da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji ake shiga, in ban da injiniyan da ke buƙatar Lissafi a maimakon Bayoloji a JAMB.

Bita ba ta hana yaro son likitanci. In ma da gaske yake, ƙara masa take yi. Na ga wanda ya zo yana cewa shi likitan tiyata ne, aka kawo zuciyar rago daga mahauta don a buɗe a ga ɗakunanta huɗu, ya fita waje bai dawo ba sai da aka kwashe. Washegari shi ne ya fi kowa daɗewa a teburin lantarki. Gara ya gane haka yana ɗan shekara 14.

'Yan mata fa? Akwai tsarin da aka yi musu?

Akwai, kuma ba don ado ba. In ka haɗa maza da mata a tebur ɗaya, abin da ke faruwa kullum shi ne namiji ya wawuri kayan aiki, a miƙa wa mace biro a ce ta rubuta sakamako. Saboda haka muke ware musu teburinsu, ko yininsu, kuma muna ƙoƙari mai jagorantarsu ta kasance mace mai yin sana'ar. Uwa ko yaya tana iya rakowa ta zauna. Ana tashi kafin la'asar. Wajen aiki da wuta ko zafi, a cusa gefen hijabi cikin rigar aiki, shi ke nan.

Iyaye da yawa sun yarda 'yarsu ta karanci aikin asibiti don matanmu sun fi sakewa da mace. Haka ne. Amma kada a tsaya nan, domin hannun da ya iya zanen lalle siriri ba ya rawa wajen liƙin dalma, na gwada na gani.

Ba hatsari? Ina jin ana maganar wuta da sinadarai.

Wutar gida bolt 230 ce, yaro ba ya kusantarta a wurinmu. Duk aikin lantarki da batir ake yi, bai wuce bolt 12 ba. Ƙarfen liƙi yana ƙona fata, don haka sai 'yan babbar sakandare, ɗaya bayan ɗaya, malami na tsaye. In za a haɗa sabulu, babba ne ke jiƙa soda, da tabarau da safar hannu, kuma soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda. Batirin waya da ya kumbura ba ma yarda a shigo da shi ko don a nuna. Ƙananan yanka da ɗan ƙuna a yatsa kam suna faruwa, ba zan ɓoye ba, akwatin taimakon gaggawa na nan.

Ɗana Turancinsa bai yi ƙarfi ba, lissafi ma sai a hankali.

Kawo shi. Da Hausa muke bayani, sunayen kaya ne kawai muke barin su yadda zai gamu da su a littafi da kasuwa. Sau da yawa wanda ke zaune a bencin baya a aji shi ne ke fara gama haɗi, musamman in yana zuwa garejin wani kawunsa ko shagon gyaran waya bayan an tashi makaranta. Lissafi kuwa ba zan yi maka daɗin baki ba: ba kiredit a Lissafi da Turanci, cikin kiredit biyar da ake nema, ƙofar kwasa-kwasan kimiyya da injiniyanci a jami'a a rufe take. Abin da bita ke iya yi shi ne ta ba shi dalilin zama ya koya.

Makarantarmu ba ɗakin gwaje-gwaje, ba wuta. Za mu iya shirya irin wannan da kanmu?

Malam, duk abin da na lissafa a sama ba wanda ke buƙatar NEPA. Zoɓo, kanwa, ayaba, gishiri, kofunan roba, duk suna kasuwar ƙauye. Matattun rediyo da tocila da caja, ka sa yara su kawo daga gida, a cikinsu akwai rezista da ƙwai da maganaɗisu da ƙananan injuna masu juyawa. Abin da ya kamata makaranta ta saya shi ne mita ko da biyu, da maikiroskof ɗaya in hali ya yi; fatar albasa da ɗigon aidin sun isa yaro ya ga ƙwayar halitta da idonsa. In akwai ƙungiyar JETS ta ɗaliban kimiyya da fasaha a makarantar, wadda a wurare da yawa sunanta kawai ya rage a jikin allo, ita ce gidan da ya dace a farfaɗo.

Baƙi kuma suna kusa da kai fiye da yadda kake zato. Ma'aikacin ɗakin gwaji na asibitin garinku, malamin gona, mai haƙa rijiyar burtsatse, mai walda. Ka roƙe su awa biyu, da sharaɗi ɗaya: su zo da kayan aikinsu, kada su zo da jawabi.

Ana koyar da kwamfuta da haɗa mutum-mutumi?

Ana taɓawa. Ƙanana suna farawa da Scratch, manhajar da aka ƙirƙira a jami'ar MIT ta Amurka, inda ake jera umarni kamar bulo ba sai an iya buga rubutu ba. Manya muna ba su Arduino, wani ɗan allo da aka fara ƙerawa a Italiya, su rubuta masa umarni ya kunna fanfo idan ƙasar tukunya ta bushe, ko ya yi ƙara idan tankin ruwa ya cika. Na fi son irin waɗannan a kan motar roba mai bin layi, wadda ta fi kyau a hoto amma sau da yawa malami ne ya haɗa ta da daddare.

Kuna kai su ziyara?

In an samu izini da mota. Wanda ke kusa da Zariya ya yi sa'a: ga Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, ga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru wadda irin masara da wake da gyaɗa masu suna SAMMAZ da SAMPEA da SAMNUT suka fito daga gare ta, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964, inda yara ke mamakin jin cewa ban da matuƙa ana horar da masu gyaran jirgi da masu ba shi hanya daga hasumiya. Amma ni a ganina yini ɗaya a Panteka ta Kaduna, ko cikin masu gyaran waya na Farm Centre a Kano, bai gaza waɗannan ba. A can yaro zai ga an miƙo abu matacce, an buɗe, an auna, an gano, an tashe shi, an biya kuɗi, duk a gabansa.

Ana ba da satifiket? Zai taimaka wajen samun gurbin karatu?

Ana ba da takardar halarta don yara suna son ta. JAMB ba ta san da ita ba, jami'a ma haka. Duk wanda ya ce maka takardar bitar mako ɗaya za ta buɗe wa ɗanka ƙofa, kuɗinka yake so.

In yaro ya nuna hannu ya fi ƙarfi a aikin ƙira, dole sai jami'a?

A'a. Akwai kwalejojin fasaha da ake shiga bayan aji uku a fita da jarrabawar NABTEB. Akwai foliteknik, shekara biyu na ND, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, shekara biyu na HND, ƙarƙashin kulawar hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna. Injiniyanci a jami'a shekara biyar ne, da watannin SIWES na sanin makamar aiki a masana'anta a ciki. COREN kuma, mai rajistar injiniyoyi, tana rajistar masu fasaha da ƙwararrun masu aikin hannu su ma, kowa da matakinsa. Jelani Aliyu, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, daga Sakkwato ya taso yana zanen motoci, kuma ta foliteknik ta Birnin Kebbi ya bi kafin ya tafi Detroit. A Kano kuwa, makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka buɗe a 1977 sun yaye likitoci da injiniyoyi masu ɗimbin yawa daga 'ya'yan talakawa, kuma har yanzu ta jarrabawa ake shiga, don haka a sa ido a kan lokacinta.

Masu shirya irin wannan sun yi yawa yanzu. Ta yaya zan gane ta ƙwarai?

Tambayi yara nawa ne a kan kayan aiki ɗaya. In sun wuce biyar, ɗanka ɗan kallo ne. Tambayi wa zai koyar, kuma ko yana yin sana'ar. Na taɓa halartar wata da aka yi a babban ɗakin taro na otal, aka ci awa biyu ana jiran babban baƙo, aka yi jawabai, aka raba riguna da hula, aka ɗaga jirgi marar matuƙi sama yara suka yi tafi, aka ɗauki hoto aka watse. Ba yaron da ya taɓa ko sukurudireba. In ɗanka ya dawo, kada ka tambaye shi me aka koya musu. Tambaye shi me ya lalace a hannunsa, da yadda ya gyara. In ya rasa amsa, ka san inda kuɗinka ya tafi.

Ya dawo gida ya kwance mini rediyo da fankar ɗaki. Yanzu ya zan yi da shi?

Hajiya, a yi haƙuri, wannan ƙarar muna samunta duk shekara. Ki kafa masa doka biyu: ba ya taɓa abin da ke jone da wutar gida, kuma ba ya buɗe abin da ke aiki sai da izini. Sannan ki samo masa kwali ɗaya ya zama nasa, duk abin da ya mutu a gidan a jefa masa ciki. In akwai mai gyara a unguwa da kuka yarda da tarbiyyarsa, a haɗa su ranar Asabar bayan Islamiyya. Rediyon kuma ki ce shi zai mayar da ita, ki ba shi faranti ya riƙa zuba ƙananan kusoshin a ciki, don a nan ne yawanci ake asararsu.